Gilashin Jirgi da Idon Labo

Pa' Sirung, 8 ga Satumba, 2002

Zuwa ga 'yata Ruran, 'yar Udan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da injinanki. Mu nan lafiya lau. Mun gama dashen shinkafa, ƙuguna ne dai har yau bai yarda an gama ba. Ɓaunar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu. Fasto ya yi zazzaɓi, ya tashi.

Kada ki tsaya tunanin wace ce wannan. Gwaggonki Sinang ce, wadda kakanta da kakan babanki uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce na cire miki matsattsaku a ƙafa lokacin da kika zo jana'izar kakarki, kina ihu kamar ana yanka alade. An ce yanzu kin zama mai gyaran jirgi a Tarakan, har da takarda. To madalla, ga ranarki ta zo.

Ina jirginmu? Yau sati uku ba mu ji ƙararsa ba. Sau biyu ina tara mutane muna yanke ciyawar filin saukar jirgi, na kore dabbobi, na ɗinke tutar iska, na tsaya ina kallon sama har wuyana ya ƙage. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da filin nan, bai taɓa yi mana haka ba.

Ga dalilin da ya sa hankalina ya tashi. Kin san yanar ido ta rufe wa mijina, Babanki Labo, ido biyu, yau shekara shida. Fasto ya ji a rediyo cewa likitocin ido za su sauka Tarakan daga 4 zuwa 16 ga Nuwamba, suna cire yana. In sun tafi, sai bayan shekara biyu ko uku, kuma Labo ba yaro ba ne. Wata guda na yi ina fama da taurin kansa kafin ya yarda aka rubuta sunansa. Hanyar Long Bawan, inda babban jirgi ke sauka, kwana biyu ce a ƙafa, da gadar gungume uku, makaho mai ciwon gwiwa ba zai bi ta ba. Filinmu kuwa gajere ne, ba mai sauka a kansa sai ɗan ƙaramin naku.

Ban tambaya ta rediyon fasto ba, don duk ƙauyukan kogin nan kunnensu na kai. Parir mai gishiri zai kai wannan Long Bawan a sa ta a babban jirgi. Ga ƙunshin gishiri biyu, na rijiyarmu ne, ba wannan na teku da kuke ci ba.

Gwaggonki,
Sinang

Tarakan, 17 ga Satumba

Gwaggo,

Na samu wasiƙarki da gishirin, na gode ƙwarai. Ina lafiya. Ki gaida Baba Labo da fasto. Maganar matsattsaku kuma a bar ta haka, ina da mutunci a nan yanzu.

Jirgi yana nan a rumfa, injinsa lafiya ƙalau. Gilashi ne ya hana shi tashi. Abin da kuke kira gilashin jirgi ba gilashi ba ne, wata roba ce mai haske, ba ta da nauyi amma ba ta son wasa. Na gaba da na gefe duk sun yi ƙananan tsaga a ciki, kamar saƙar gizo. A inuwa ba za ki ga komai ba, amma da zarar an fuskanci rana sai ya koma fari fat. Watan jiya Kyaftin Rondonuwu ya zo sauka a wani fili da safe, bai ga ƙasa ba sai da ya kusa cin karo da bishiya. Mai duba jirage ya zo, ya haska tocila sau ɗaya, ya mayar da bironsa aljihu, ya ƙi sa hannu jirgi ya tashi.

An aika a kawo sababbi ta jirgin ruwa. Kuma Gwaggo, ki taya ni murna: ogana Pak Tukiran ya ce ni zan saka su. Shekara huɗu ina wanke masa ƙarafa, wannan ne aiki na farko da zan sa hannu a kansa da sunana. In kaya sun iso farkon Oktoba, Baba zai riski likitoci har da ragowar kwanaki. Ki kwantar da hankalinki.

Abu ɗaya ne ke cin ranmu. Gilashin nan shekararsa biyu kacal, ya kamata ya kai goma. Pak Tukiran ya ce ba rana ba ce, ba tsufa ba ne, wani ne yake shafa masa wani abu mai ƙarfi da ke cin roba. A nan rumfa ba mai yin haka, don haka a ɗaya daga cikin filayen tudu ne. Kyaftin ya hasala, ya ce ranar da ya gano ko wane ƙauye ne, za su ji a jikinsu. Ni ma raina ya ɓaci. Duk wanda ya yi wannan ya cuci mutanen tudu gaba ɗaya, ƙauye tara babu jirgi saboda hannunsa. Tunda ke ce mai fili, ki ɗan sa ido, ki yi mana tambaya.

'Yarki,
Ruran

Tarakan, 7 ga Oktoba

Gwaggo,

Lafiya kuwa? Sau biyu Parir yana sauka Long Bawan, ko layi ɗaya ban samu ba. Ina fata ba ƙugun ne ya kwantar da ke ba.

Gilasai sun iso ranar Juma'a. Na riga na cire tsofaffin. Ƙananan ƙusoshi ɗari da arba'in da biyu na huda na fitar, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi kar rami ya faɗaɗa. Sabon gilashi yakan zo da girma fiye da gurbinsa, da takarda manne ciki da waje, ba a ɓare ta sai an gama. A ɗora, a ja layi, a sauke, a ci bakinsa kaɗan da samfefa, a sake ɗorawa. Sai an bar masa ɗan wurin motsi kuma, don yana buɗewa in ya sha rana. Pak Tukiran har sa ni ya yi na dakushe bakin abin huda da gangan, wai mai kaifi cafkar robar yake yi ya tsaga ta. Na gama na gefe biyu, saura huɗu, sannan babban na gaba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Jiya mai rediyonmu ya tare ni ya ce fasto ya kira daga Pa' Sirung, wai iyalin Labo sun ce a cire sunansa daga jerin masu aikin ido. Ya ce kuma wai kin miƙa wa wani tutar iska da littafin fili. Haba Gwaggo! Ni ina nan yatsuna duk sun saɓule saboda mijinki, ke kina can kina cire sunansa? In Baba ne ya sake tsorata, ki faɗa mini in rubuto masa da kaina. In faɗa kuka yi, ku yi abinku bayan ya ga hanya. Na roƙi mai rediyo kar ya kai saƙon asibiti tukuna, amma ba zai riƙe shi har abada ba.

Ki ba ni amsa, don Allah.

Ruran

Pa' Sirung, 13 ga Oktoba

'Yata,

Lafiyar jiki kam muna da ita. Ba faɗa muka yi ba, Labo kuma bai tsorata ba. Ki daina tambaya a ƙauye tara. Ni ce.

Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina cusa ta a murhu. Duk ranar da jirgi ya sauka, Kyaftin yakan tafi gidan fasto cin abinci. Ni kuma sai in jawo turmi in taka, in zuba man kayu-puti, man shafawar nan namu mai ƙarfin ƙamshi, a tsumma, in bi gilasan nan ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ina yi, tun ranar da na ga sabo ne, ƙwari sun mutu a jikinsa, na ce wannan abin kunya ne a filina. Man yana ɗauke su tas, ya bar shi yana walƙiya. Kuma ke kin sani, duk wanda ya keto sanyin duwatsun nan sai an shafa masa kayu-puti kar sanyi ya shige shi. Jariri muna shafa masa, mai naƙuda muna shafa mata, ke kanki na shafa miki. To abin da ke ratsa gajimare sau uku a rana yana ɗauke da 'ya'yan mutane, shi ne za a bari haka? Kwalba nawa na ƙarar a kansa, ina hana gwiwar Labo. Ina ganin alheri nake yi, ashe makantar da shi nake yi.

Na karanta inda kika ce wanda ya yi ya cuci mutanen tudu gaba ɗaya. Gaskiya kika faɗa. Matar Dawat ta haihu a kan hanyar Long Bawan cikin ruwan sama, da jirgi na nan da a gado za ta haihu. Allah ya sa ita da ɗan suna lafiya, amma na kasa zuwa barka. Na karanta kuma inda Kyaftin ya ce ƙauyen zai ji a jikinsa. Na san ma'anar wannan, zai daina sauka a Pa' Sirung ne. Shi ya sa na ajiye fili, na cire sunan Labo. Ki faɗa wa Kyaftin laifin gida ɗaya ne, kuma gidan ya hukunta kansa, ba za mu sake taka jirginsa ba. Ya bar wa sauran mutane jirginsu.

Da na faɗa wa Labo, na so ya zage ni. Bai zage ni ba. Tun ranar da aka rubuta sunansa ya ƙulla igiyar rama ƙulli-ƙulli, yawan kwanakin da suka rage, kullum da safe ya kwance ɗaya. To har yau da safe na same shi a bakin ƙofa yana lalubar ƙullin yana kwancewa. Wannan ya fi mini zagi ciwo, Ruran. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Sinang

Tarakan, 21 ga Oktoba

Gwaggona,

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na yi dariya, sai kuma na ga ina kuka. Ki yafe mini wancan layin. Da na san hannunki ne da na cije birona.

Na kai wa Kyaftin maganar kamar yadda kika ce. Sai ya dafe kai ya ce, "Shi ya sa! Shekara biyu duk na taso daga Pa' Sirung jirgin nan warin kakata yake yi, ina zaton fasinjoji ne." Ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Na ce masa kin ɗauka zai daina sauka. Ya ce, "Ni? In daina sauka a fili ɗaya tak da ba na cin karo da kashin ɓauna? Faɗa kawai na yi niyyar yi, in wanke su tas a gaban fastonsu. Ki ce wa tsohuwar ta karɓo tutarta. Laifinmu ne ma, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa gaya mata yadda ake wanke shi." Sunan Baba yana nan, ba a taɓa shi ba.

Da a nan wasiƙar ta ƙare, da na ji daɗi.

Gwaggo, na fasa babban gilashin. Shekaranjiya ne. Na gama na gefe duka shida, na ɗora na gaba sau takwas ina saukewa. A karo na tara ya zauna ko'ina, sai kusurwa ɗaya ta ƙasa da ta ɗan cije. Abin da ya kamata in yi na sani: in sauke, in ci bakin da samfefa, in sake. Amma ina ta tuna Baba da igiyarsa, na ce kwana ɗaya ma kwana ne. Na sa tafin hannu na danna. Ƙas! Tsaga ta tashi daga kusurwa ta haura, tsawon kamu ɗaya. Ba a ɗinke irin wannan, ba a liƙe shi.

Pak Tukiran ya zo ya duba, ya bi tsagar da yatsa har ƙarshenta, ya ce, "Hm." Ya tafi shan kofi. Yau kwana biyu bai ce mini komai a kai ba, shara kawai yake sa ni. Sabo daga inda aka kawo wannan sati biyar ne a ruwa. Ki lissafa da kanki.

Ke kin ɓata shi cikin rashin sani. Ni na sani sarai, na danna. Kada ki faɗa wa Baba tukuna, ban san da wane baki zan gaishe shi ba.

Ruran

Pa' Sirung, 27 ga Oktoba

Ruran,

Muna lafiya, na karɓo tutata, har na yi wa wanda na ba faɗa don ya bar ta a ruwa.

Na faɗa wa Labo. Ni ba na ɓoye masa komai, makaho ne, ba kurma ba. Ya ce in gaya miki ashe abin a jininmu yake, wawaye biyu a dangi ɗaya, ɗaya ta shafa ɗaya ta danna. Wannan ce dariyarsa ta farko cikin wata guda, don haka ko ba komai kin yi aiki.

Yanzu ki saurare ni. Share hawayen nan, ki je ki tsaya a gaban ogan naki ki tambaye shi abin yi, ki daina bin sa da tsintsiya kamar kazar da aka jiƙa. Mutumin da ya ga ɓarna ya ce "Hm" ya tafi shan kofi, akwai abin da ya sani. Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da irinsa.

In kuma Allah ya sa kika sake samun gilashi a hannunki, kada ki tuna da mu. Ni in zan tsaga rama don saƙar tabarmar biki, ba na tuna amarya, ramar nake kallo. Ranar da na tuna amarya, ranar nake yanke yatsa. Ki fitar da Labo daga kanki, ni zan riƙe shi a nan. In ya riski likitoci, alheri. In bai riske su ba, na ja shi shekara shida, zan ja shi wasu. Ba ke kika rufe masa ido ba.

Gwaggonki

Tarakan, 11 ga Nuwamba

Gwaggo,

Wannan wasiƙar ba Parir ne zai kawo ta ba. Ki ɗaga kai ki ga wanda ya miƙo miki ita.

Kin canki Pak Tukiran daidai, kodayake ya riga wasiƙarki. A kwana na huɗu ya ce in ɗauko tsani in hau saman rumfa in share masa yanar gizo. Na hau ina ƙunƙuni, sai ga akwati dogo a bayan katako. Ashe biyu ya sa aka kawo. Na sauko na ce, "Pak, kana da wannan ka bar ni kwana huɗu ban ci abinci ba?" Ya ce, "'Yar nan, ba wanda ya taɓa saka na farkonsa bai fasa ba. Ni biyu na fasa. Da kin san akwai wani a sama, da kin fasa shi shi ma." Na rasa ko in rungume shi ko in jefe shi da sifana.

Sau goma sha huɗu na ɗora wannan. A karo na goma sha ɗaya kusurwar nan ta sake cijewa, daidai wurin. Ran nan wasiƙarki tana aljihuna. Na cire hannuna, na fita na sha ruwa, na dawo na sauke shi. Jiya na ɓare takardar. Gwaggo, sai da na miƙa yatsa na taɓa kafin na yarda akwai abu a wurin. Mai duba jirage ya sa hannu, Kyaftin ya zagaya da shi sama da teku ya dawo, ya ɗaga mini babban yatsa.

Kwana biyar suka rage wa likitoci, sun ce ido ɗaya za su yi masa a wannan zuwan. Ki haɗa masa kaya maza, Kyaftin ba zai tsaya cin abinci ba. Na san ba za ki bar fili da gona ki biyo shi ba, ni zan tarbe shi, a ɗakina zai kwana.

Ga tsumma mai laushi a cikin ambulan. Ruwa kawai, mai yawa, ki fara kora ƙurar da tafin hannu, sannan tsumma daga sama zuwa ƙasa. Kayu-puti kuma a mayar wa gwiwa.

'Yarki,
Ruran

Pa' Sirung, 24 ga Nuwamba

'Yata Ruran,

Gaisuwa da godiya, Ubangiji ya saka miki. Muna lafiya, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Ya iso lafiya ranar Alhamis. Ya ce kin ciyar da shi kifi har ya fara jin tsoron ruwa, kuma wai girkinki sai a hankali, gara ki riƙe jirage.

Kin ce in ba ki labarin saukarsa dalla-dalla, to ga shi. Kyaftin ya zaunar da shi a gaba, kusa da shi. Duk ƙauye ya fito. Ni ina can ƙarshen fili inda na saba tsayawa, da tuta a hannu, na sa rigata ta zuwa coci, ban san dalili ba. Kyaftin ya ba ni labari daga baya, wai tun da suka ƙetare dutse Labo ya manna goshi a gilashinki yana kiran sunan kowace gona da mai ita, bai kuskure ko ɗaya ba. Da suka sunkuyo za su sauka sai ya nuna ya ce, "Wace tsohuwa ce waccan ta tsaya a wurin matata?"

Jirgi ya tsaya, ya sauko da kansa, ya ture hannun fasto. Ya gane Dawat, ya gane Parir, har ya ce masa ya yi tumbi. Na zo na tsaya a gabansa. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, ya leƙa bayana yana neman wata. Shekara shida ba wanda ya gaya masa kaina ya yi fari, ni ma ban gaya masa ba.

Sai ya dawo da kallonsa kaina. Ya daɗe. Can sai ya rufe idon nan da kuka sha wahala aka buɗe, ya ɗago hannu biyu ya shafa fuskata, goshi, kunci, haɓa, yadda ya saba. Ya ce, "Sinang." Sannan ya buɗe idon, hannunsa na nan a fuskata, ya ce, "Ashe haka kika tsufa kina ja na." Na ce, "To da wa ka bar wa aikin?" Ya yi kuka, na yi kuka, a gaban fasto da yara da kowa, ban ji kunyar ko mutum ɗaya ba.

Yau kwana uku bai bar kallona ba. Ina tankaɗe yana kallo, ina hura wuta yana kallo. Na ce ya je ya kalli gonarsa, ya ce gona ba ta canza ba.

Ki zo Kirsimeti. Yana so in ga fuskar wadda ta yi aikin nan, wai shi ya riga ni.

Gwaggonki,
Sinang